Yadda ake auna nisan tafiyar jirgi tsakanin filayen jiragen sama biyu masu nisa

Wanda ya taɓa doguwar tafiya a jirgin sama, ya kuma ƙura wa ɗan allon nan na bayan kujera ido, zai gane abin da nake nufi. Jirgi ya tashi daga Landan zai tafi Los Anjelis, garin da ke kudu maso yamma a taswira, amma sai ka ga hancinsa ya nufi arewa, ya bi ta kan Girinland da arewacin Kanada, ko'ina ƙanƙara fari fat. Sai zuciya ta raya maka cewa matuƙi ya yi kewaye. Bai yi ba. Taswirar ce ta yaudare ka, domin duniya mulmulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya, kuma ba a shimfiɗa abu mai kumbo ba tare da wani gefe ya miƙe fiye da kima ba.

Idan aka ce "nisa" a harkar jiragen sama, abu uku ake iya nufi: gajeriyar hanya a kan doron duniya tsakanin filayen biyu, hanyar da jirgin ya bi a zahiri ran da ya tashi, da kuma lokacin da tafiyar ta ci. Na farko ba ya canzawa, kuma za ka iya fitar da shi da kanka da kalkuleta. Sauran biyun kullum da yadda suke kwana. Rabin ruɗanin da ake samu yana zuwa ne daga cakuɗa su, don haka a nan za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: tantance filin, ba garin ba

Gari ɗaya kan mallaki filaye da yawa. Landan tana da Heathrow da Gatwick da Stansted da Luton da City. Tokyo tana da Haneda da Narita, kuma Narita na da nisan kusan kilomita 60 daga tsakiyar birnin. New York tana da JFK da LaGuardia, ga Newark a maƙwabciyar jiha. Saboda haka ka yi aiki da haruffa ukun nan da ke kan tikiti da kuma takardar da ake liƙa wa jaka: LHR, JFK, HND, DXB. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ita ke raba su. Matuƙa da masu kula da zirga-zirgar sama suna amfani da wasu masu haruffa huɗu na ICAO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen sama, inda Heathrow take EGLL, JFK kuma KJFK. Kowanne ka samu zai yi aiki, muddin ka san wanda kake riƙe da shi.

Sunaye na iya jefa mutum cikin rami. Akwai Sydney ta Ostireliya, SYD, akwai kuma wata ƙaramar Sydney a gabashin Kanada, YQY. Akwai San Jose ta Kalifoniya, SJC, da ta Kosta Rika, SJO, harafi ɗaya ne tsakaninsu. Wani lokaci ma haruffan ne ke yin ƙaura: a watan Afrilun 2019 alamar IST ta tashi daga tsohon filin Atatürk ta koma sabon filin Istanbul, don haka tsohon jadawali zai ba ka wurin da ba shi ba ne.

Mataki na biyu: samo lambobin wurin

Kowane wuri a duniya yana da lambobi biyu. Latitud na nuna nisansa daga layin ikwaita, arewa ko kudu, daga digiri 0 zuwa 90. Longitud na nuna nisansa daga layin da ya ratsa Greenwich a Landan, gabas ko yamma, daga 0 zuwa 180. Idan ka danna tsakiyar filin a Google Maps ka riƙe yatsa, lambobin za su fito.

Sau da yawa za ka tarar an rubuta su da digiri da minti da sakan, kamar agogo. Latitud ɗin JFK, alal misali, 40°38′23″ arewa ne. Kalkuleta ta fi son su a dunƙule, to sai ka raba mintin da 60, sakan ɗin da 3,600, ka tara: 40 + 0.6333 + 0.0064, ya ba da 40.64 idan an taƙaita. Kada ka yi gangancin rubuta 40.38, kuskure ne da ake yawan yi, kuma yana gusar da filin da kusan kilomita 29. Lamba biyu bayan ɗigo sun wadatar, domin 0.01 na digiri bai wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba, alhali titin tashin babban fili kaɗai kan kai kilomita huɗu.

Sai dokar alama, wadda ita ce ginshiƙin duk lissafin: arewa da gabas a bar su yadda suke, kudu da yamma a sa musu alamar ɗebewa. Heathrow ta zama 51.47 da −0.45. JFK ta zama 40.64 da −73.78.

Mataki na uku: ɗauko zare kafin kalkuleta

Ina ba da shawarar kada a tsallake wannan, ko da ana ganin wasan yara ne. Ka samu ƙwallon duniya irin na ajin makaranta, ka danne bakin zare da babban yatsa a kan Sydney, ka ja ɗaya bakin zuwa Santiyago ta Chile, ka ɗame shi har ya daina motsi. A taswirar bango garuruwan biyu suna kan layi guda, duka wajen digiri 34 kudu, kai ka ce miƙewa gabas kawai za a yi. Amma zaren ba zai yarda ya zauna a kan wannan layin ba. Kana ɗame shi zai zame ƙasa, ya gangara har wajen digiri 62 kudu, dab da ƙanƙarar Antaktika, sannan ya hauro. Ka gwada mayar da shi kan layin kwancen da yatsa, za ka ji yana neman ƙarin tsawo. Wanda ya bi layin kwancen zai ci kusan kilomita 12,800, zaren kuwa 11,340 kawai ya ci. Tazarar ta haura kilomita 1,400, wato fiye da awa ɗaya da rabi a sama.

Hanyar da zaren ya bi ita ake kira babbar da'ira. Ma'anarta da'irar da idan aka yanka duniya ta kanta, wuƙar za ta ratsa ta tsakiyar cibiya, a samu ɓari biyu daidai wa daida. Layin ikwaita babbar da'ira ce, haka duk layukan tsaye na longitud. Sauran layukan kwance kuwa ƙananan da'irori ne, shi ya sa bin su ke tsawaita hanya. Taswirar da muka fi sabawa da ita ta samo asali ne daga wadda Gerardus Mercator ya zana a 1569 domin matuƙan jiragen ruwa. Tana da amfani wajen riƙe alƙibla, amma tana kumbura duk abin da ke can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, har Girinland ta yi kama da sa'ar Afirka, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14.

Mataki na huɗu: lissafin

Abin da ake nema shi ne kusurwar da ke tsakanin filayen biyu idan aka tsaya a cibiyar duniya aka dube su. Da zarar ta samu, sauran ninkawa ne kawai. Kana buƙatar kalkuleta mai maɓallan sin da cos. Ta cikin waya ma tana da su, a wasu wayoyin sai an kwantar da wayar suke bayyana. Ka tabbata tana nuna DEG, wato digiri, ba RAD ba, wanda wani ma'aunin kusurwa ne daban.

Ga tsarin:

cos na kusurwa = (sin latitud na 1 × sin latitud na 2) + (cos latitud na 1 × cos latitud na 2 × cos bambancin longitud)

Mu gwada da Heathrow da JFK.

1. Bambancin longitud: 73.78 − 0.45 = 73.33.
2. sin 51.47 = 0.7823, sin 40.64 = 0.6513. Ninka su: 0.5095.
3. cos 51.47 = 0.6229, cos 40.64 = 0.7588, cos 73.33 = 0.2869. Ninka ukun: 0.1356.
4. Tara biyun: 0.5095 + 0.1356 = 0.6451.
5. Danna cos⁻¹ a kan 0.6451. Ya ba da digiri 49.83.
6. Kowane digiri a kan babbar da'ira kilomita 111.19 ne. 49.83 × 111.19 = kilomita 5,540.

Shi ke nan. Wannan 111.19 ba daga sama ta faɗo ba: matsakaicin nisa daga cibiyar duniya zuwa doronta kilomita 6,371 ne, kewayenta kuma kusan 40,030, idan aka raba da 360 sai ta fito. Idan kuwa a lamba ta 5 ta lissafin nan ka ga 0.8697 maimakon 49.83, kalkuletarka tana kan RAD ne. Ba asara, ninka ta da 6,371 kai tsaye za ka dawo gida. Abin da ke ɓata lissafi shi ne a shigar da digiri a sin da cos alhali tana kan RAD tun farko. Na taɓa zama kusan rabin awa ina maimaita lissafi ɗaya, amsar na fitowa ba kan gado, kafin idona ya kai kan waɗannan ƙananan haruffa uku a saman allo.

Mai filaye da yawa da zai auna gara ya zuba su a Excel ko Google Sheets. Latitud da longitud na filin farko a A1 da B1, na biyu a C1 da D1, sannan a rubuta:

=6371*ACOS(SIN(RADIANS(A1))*SIN(RADIANS(C1))+COS(RADIANS(A1))*COS(RADIANS(C1))*COS(RADIANS(D1-B1)))

Akwai wani tsarin da masu rubuta manhaja suka fi so, wanda ake kira habasin. Amsarsu ɗaya ce. Fifikonsa yana bayyana ne idan wuraren suna kusa da juna ƙwarai. Ga filaye masu nisa, wannan da muka yi ya isa.

Mataki na biyar: tarkuna biyu da ke kama mutane

Na farko shi ne mantuwa da alamar kudu. Ɗauki Dubai da Okland ta Niu Zilan. Dubai 25.25 arewa, 55.36 gabas. Okland 37.01 kudu, 174.79 gabas. Bambancin longitud 119.43. Ɓangaren sin ya ba da −0.2568, saboda latitud ɗaya na kudu ne. Ɓangaren cos ya ba da −0.3549. Jimla −0.6117, kusurwa digiri 127.7, nisa kilomita 14,200. Yanzu ka ce an manta da alamar: jimlar za ta koma −0.0981, kusurwa 95.6, nisa kimanin 10,630. An zaftare fiye da kilomita 3,500, kuma abin haushin shi ne amsar ba ta yi kama da kuskure ba. Ka auna nisan wani wuri ne a tsakiyar tekun Fasifik ta arewa, ba Okland ba.

Kada jimla mai alamar ɗebewa ta tsorata ka. Tana nufin kusurwar ta haura digiri 90, wato tafiyar ta wuce rubu'in kewayen duniya, kimanin kilomita 10,000.

Na biyu shi ne fili ɗaya a gabas, ɗaya a yamma. A nan tara longitud ake yi, ba ɗebewa ba. Sydney 151.18 gabas, Santiyago 70.79 yamma, jimla 221.97. Tunda ta haura 180, gajeriyar hanya ta ɗaya gefen take, ta kan Fasifik: 360 − 221.97 = 138.03. Kalkuleta ba ta damu ba, cos na lambobin biyu ɗaya ne, amma sanin hakan zai gaya maka ta wane teku jirgin zai bi.

Ga ma'auni na ƙarshe: babu wurare biyu a duniya da nisansu ya wuce kusan kilomita 20,000, rabin kewaye. Duk amsar da ta haura haka, koma baya ka duba.

Mataki na shida: wane mil?

Kilomita ɗaya ce a ko'ina, mil kuwa iri biyu ne. Mil na tudu, wanda Amurka da Birtaniya ke auna hanya da shi, kilomita 1.609 ne. Mil na teku, wanda matuƙa ke aiki da shi, 1.852 ne. Landan zuwa New York mil 3,440 ne na tudu, amma 2,990 na teku. Idan ka ga shafuka biyu sun saɓa da kusan kashi 15 cikin ɗari, kusan kullum wannan ne dalili. Mil na teku yana da wata hikima: daidai yake da minti ɗaya na kusurwa, don haka ninka digirin da ka samu da 60 kawai, 49.83 × 60, ka sami 2,990.

Za ka iya tarar da shafin da ya ce 5,555 maimakon 5,540. Shi ma bai yi ƙarya ba. Duniya ba cikakkiyar ƙwallo ba ce, tana da ɗan tumbi a ikwaita: kilomita 6,378 daga cibiya a can, 6,357 a ƙuryar arewa da ta kudu. Shafuka irin su Great Circle Mapper suna lissafi da wannan siffar ta gaskiya, a bisa ma'aunin WGS84 da GPS ke amfani da shi. Saɓanin ba ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Tsayin da jirgi ke tashi ma bai taka kara ya karya ba: kilomita 11 a sama na ƙara wa wannan tafiyar kusan kilomita goma kacal.

Mataki na bakwai: daga zare zuwa hanyar da aka bi

A nan ne lissafi ke ƙarewa, hukunci ya fara. Babu jirgin fasinja da ke bin zaren sak. Yana tashi ne ta inda titi ya fuskanta, ya yi kwana, ya bi hanyoyin da aka shata a sama daga wannan alama zuwa waccan, ya kauce wa hadari, wani lokaci ya yi ta shawagi yana jiran izinin sauka. Hukumar ICAO, a tsarinta na lissafin hayaƙin da jirage ke fitarwa, tana ƙara kilomita 50 ga tafiyar da ba ta kai 550 ba, 100 ga wadda ke tsakanin 550 da 5,500, da 125 ga wadda ta haura haka. Wannan ya yi daidai da ranar da komai ya tafi lami lafiya. Abubuwa uku ne ke iya kai ƙarin ga ɗaruruwa ko dubban kilomita.

Iska ce ta farko, kuma ita ce babba. A tsayin da jirage ke bi akwai wasu kogunan iska masu gudu daga yamma zuwa gabas, waɗanda a lokacin sanyi kan wuce kilomita 300 a awa. Mai zuwa gabas yana neman su ya hau, mai zuwa yamma yana guje musu, ko da hakan zai tsawaita hanya. Kamfani ba gajeriyar hanya yake nema ba, mai ƙarancin cin mai da lokaci yake nema. A kan arewacin Atlantika, cibiyoyin kula da zirga-zirgar sama na Gander a Kanada da Shanwick a ɓangaren Birtaniya suna shata sababbin hanyoyi kowace rana gwargwadon inda iskar ta kwana. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Singapore Airlines tsakanin Singafo da JFK, kilomita 15,349 a kan zare, tafiya mafi tsawo da ake yi a kai a kai ba tare da yada zango ba. Zaren ya ratsa ta kusa da ƙuryar arewa, amma jirgin kan tafi New York ta kan Fasifik, sau da yawa kuma ya dawo ta kan Atlantika da Turai. Gabas yake fuskanta a zuwa, gabas a dawowa, iska na tura shi ta baya, ya zagaye duniya ke nan a tafiya biyu.

Na biyu siyasa. Sararin samaniyar kowace ƙasa mallakinta ne, tana iya rufewa. Tun 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, yawancin jiragen Turai ba sa bi ta kan Rasha. Zaren Helsinki zuwa Tokyo kuwa ta kan Saiberiya ya bi, don haka tafiyar Finnair da ke cin kusan awa 9 ta koma kusan 13. Irin haka ta faru da jiragen Ƙatar daga 2017 zuwa farkon 2021, lokacin da maƙwabta suka rufe musu sama. Kafin ka amince da amsar zarenka, ka duba ƙasashen da ya ratsa.

Na uku kariya. Jirgi mai inji biyu ba ya nisa da filin da zai iya sauka idan inji ɗaya ya mutu. Da can iyakar minti 60 ce. A 1985 aka fara ba da izinin minti 120 a ƙarƙashin ƙa'idar da ake kira ETOPS, daga baya 180, a 2014 kuma Airbus A350 ya samu izinin har minti 370. Wannan ya sa jiragen zamani suna iya matsowa kusa da zaren a kan manyan tekuna. Tsaunuka ma suna da tasu: yawancin jirage na kauce wa tudun Tibet, domin idan iskar cikin jirgi ta zube dole a sauko ƙasa-ƙasa da gaggawa, a can kuwa ƙasar ce ta hauro sama.

Hanya mafi sauƙi ta sanin abin da ake bi a zahiri ita ce ka shigar da lambar tafiyar a Flightradar24 ko FlightAware, ka duba kwanaki biyar ko bakwai da suka wuce, zuwa da dawowa daban-daban. Kwana ɗaya ba ya zama hujja.

Mataki na takwas: mayar da nisa lokaci

Manyan jiragen dogon zango suna gudun kusan kilomita 900 a awa idan sun daidaita a sama, amma hawa da sauka na rage matsakaicin. Dabarar da nake amfani da ita: raba nisan zare da 850, ka ƙara rabin awa. Landan da New York, 5,540 ÷ 850 ya ba da awa shida da rabi, da ƙarin ya zama bakwai. Singafo da JFK ya ba da awa 18 da rabi. Perth zuwa Landan, wadda Qantas ta fara a watan Maris na 2018, kilomita 14,500 ce, ta ba da 17 da rabi. Duka sun yi kusa da abin da ke kan jadawali. Daga nan sai ka gyara da iska: rage wa mai zuwa gabas, ƙara wa mai zuwa yamma. A Atlantika bambancin zuwa da dawowa kan kai awa guda, tsakanin Sydney da Santiyago ya fi haka.

Wasu na ɗauka juyawar duniya ce ke kawo wannan bambancin, wai ƙasa na gudu a ƙarƙashin jirgi. Ba haka ba ne, iskar da jirgin ke ciki tare da ƙasar take juyawa. Da zancen gaskiya ne ma, mai zuwa yamma ne zai riga isa. Wani abin lura kuma, abin da iska ta ba ka a zuwa bai kai abin da za ta karɓe a dawowa ba. Jirgi mai gudun 900 da iskar 150 a bayansa zai ci kilomita 5,540 cikin awa 5.3, idan tana gabansa kuma 7.4. Jimla 12.7, alhali ba iska 12.3 ne.

Lokacin da ke kan tikiti daga barin ƙofa ne zuwa tsayawa a ƙofa, har da gangarawa zuwa titi da layin jiran tashi, don haka ya fi lokacin da ake yi a sama. Kuma kowane lokaci agogon garinsa ne. Jirgin da ya bar New York ƙarfe 7 na yamma ya isa Landan 7 na safe bai yi awa 12 ba. Landan na gaba da awa biyar, lokacin tashi sha biyun dare ne a can, tafiyar awa bakwai ce. Mayar da lokutan biyu kan agogo ɗaya kafin ka ɗebe. A kula da 'yan makonni a watan Maris da kuma ƙarshen Oktoba, lokacin da tazarar ke komawa awa huɗu saboda ƙasashen biyu ba rana ɗaya suke juya agogo ba. Mai tsallaka layin kwanan wata a Fasifik kuma zai ga abin mamaki: ya bar Sydney da safe, ya sauka Los Anjelis da safiyar wannan ranar, wani lokaci ma kafin ƙarfen da ya tashi.

Idan akwai yada zango

Auna kowane zango daban, ka tara. Landan zuwa Sydney kai tsaye kusan kilomita 17,000 ce. Ta Singafo, 10,880 da 6,290, jimla 17,170, ƙarin bai kai 200 ba, domin Singafo tana dab da kan zaren. Ta Dubai, 5,500 da 12,040, jimla 17,540. Ta Los Anjelis, 8,780 da 12,050, jimla 20,830, an ƙara kusan 4,000. Raba jimlar da nisan kai tsaye, za ka ga girman kewayen da tikitin ya ɗora maka, sannan ka ƙara awannin zaman jira a filin tsakiya, waɗanda sau da yawa sun fi kewayen ciwo.

Sai dai ba ko'ina ake tarawa ba. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004, wadda ta tsara diyyar fasinja idan an soke tafiya ko an yi dogon jinkiri, ta kasa tafiye-tafiye a kan iyakokin kilomita 1,500 da 3,500, kuma da babbar da'ira take aunawa. A 2017 kotun Tarayyar ta yanke cewa idan tikiti ɗaya ne mai zango-zango, nisan da ake dubawa shi ne daga filin farko zuwa na ƙarshe kai tsaye, ba jimlar zangunan ba. Mai neman irin wannan haƙƙin sai ya ɗauki haruffan filin da ya fara tashi da na inda tikitinsa ya ƙare, ya koma mataki na huɗu.